Yadda ake amfani da malafar lensi wajen ɗaukar hoton wasan dandamali a cikin zaure

Ana yawan tambaya: tunda babu rana a cikin zaure, mene ne amfanin malafar lensi, wato hud, abin nan da ake ɗaurawa a bakin lensi don ya yi wa gilashinsa inuwa? Wasu har tsoro suke kada ta rage musu haske a wurin da dama hasken bai kai ya kawo ba. A saka ta. Malafar da ta dace da lensi ba ta taɓa hasken da ke zana hoton, don haka ba za ta sa ka ƙara ISO (ma'aunin ƙarfin karɓar haske na kyamara) ko ka rage saurin shota (labulen da ke buɗewa ya rufe idan an ɗauki hoto) ba. Abin da take tarewa shi ne hasken da ke faɗowa kan gilashin gaba daga gefe, ya shiga ya yi ta kai da komowa tsakanin gilasan da ke cikin lensi, ya sauka kan sensa, wato farantin da ke kama hoto a cikin kyamara, inda ba a neme shi ba. Irin wannan haske ya fi ɓarna a zaure fiye da a fili, domin bayan ɗan wasa baƙi ne wuluk, fitilu kuwa gomomi ne, kowace da inda ta dosa. Ɗan hazon da ba za a lura da shi ba a hoton tsakar rana, a nan shi zai mayar da baƙin labule ruwan toka, fuskar mawaƙi ta koɗe.

Sai dai a riƙe wannan tun da wuri, don duk matakan da ke ƙasa a kansa suka tsaya: malafa tana tare fitilar da ke wajen hoton ne kawai. Fitilar da ta fito a cikin hoton, babu malafar da za ta yi maganinta. Wannan kuma aikin ƙafarka ne da inda ka zaɓi tsayawa.

Kayan da za a tanada

- Malafar kowane lensi da za a shiga da shi, ba guda ɗaya da za a riƙa yi wa karɓa-karɓa ba
- Famfon roba na hure ƙura, ƙyallen goge gilashi mai tsabta, da ruwan goge lensi
- Baƙin tef na yadi marar sheƙi, irin wanda ma'aikatan dandamali ke liƙe waya da shi a ƙasa
- Baƙin kwali marar sheƙi da robar ɗauri guda biyu
- Ƙaramar tocila
- Malafar roba mai naɗewa, in akwai yiwuwar ɗauka ta bayan gilashi

Kafin ka fitar da kuɗi, fara duba kwalin da lensin ya zo a ciki. Sigma da Tamron galibi suna sako malafa tare da lensi, haka ma Nikon a yawancin nasa. Canon yana sako ta a jerin L, wato manyan lensunansa na ƙwararru, amma a ƙananan lensunansa sau da yawa sai ka saya daban. Ta kamfanin da ya ƙera lensin ta fi tsada, wani lokaci ninki-ba-ninki a kan ta wasu kamfanoni masu kwaikwayo. Ta kwaikwayon kan yi aiki, matuƙar lambarta ɗaya da ta asali, sai dai a duba abu biyu: cikinta kada ya yi sheƙi, kuma ta kama gam idan an murɗa.

1. Nemo malafar da aka ƙera wa lensinka

Kowane lensi da tasa. Ana auna tsawon malafa ne da faɗin abin da lensin ke gani, kuma lambarta tana rubuce a jikinta da cikin littafin lensin. A wajen Canon, EW na masu faɗin gani ne, ES na matsakaita, ET na masu jawo nesa: EF 50mm f/1.8 STM yana ɗaukar ES-68, EF 24-70mm f/2.8L II yana ɗaukar EW-88C, EF 70-200mm f/2.8L IS II da III kuma ET-87. A wajen Nikon, HB ita ce mai maƙalawa, HN mai murɗawa a bakin filta (zaren da ke gaban lensi inda ake ɗaura ƙarin gilashi), HR ta roba: AF-S 50mm f/1.8G na ɗaukar HB-47, AF-S 70-200mm f/2.8G VR II kuma HB-48. Na Sony suna farawa da ALC-SH.

Siffa biyu za ka fi gani. Akwai zagayayya mai baki daidai, wadda aka fi yi wa lensi mai jawo nesa. Akwai mai kunnuwa huɗu, biyu dogaye biyu gajeru, ta lensi mai faɗin gani da mai zum, wato wanda ake murɗawa ya jawo nesa ko ya faɗaɗa gani. An yanke ta haka ne saboda hoto ya fi faɗi a kan tsayi: sama da ƙasa akwai sararin da malafa za ta miƙe, gefe da kusurwoyi kuwa dole ta ja baya.

Ga raunin malafar lensi mai zum, kuma a zaure yake bayyana. An auna ta ne da mafi faɗin ganin lensin. Lensi mai 24-70mm a kan babbar sensa, wato ful-firam, yana ganin kusan digiri 84 daga kusurwa zuwa kusurwa idan yana kan 24mm, amma digiri 34 kacal idan ka jawo zuwa 70mm. Malafar dole ta bar digiri 84 ɗin a buɗe, saboda haka a 70mm akwai faffaɗan sarari kewaye da hoton da fitila za ta tsaya ta haske gilashinka ba tare da ta fito a hoton ba, kuma ba tare da malafar ta tare ta ba. Haka 70-200mm: an auna malafarsa da digiri 34, a 200mm kuwa digiri 12 yake gani. Lensi marar zum ba shi da wannan matsala, kuma gilasan cikinsa galibi ba su kai na mai zum yawa ba. Tsohon EF 24-70mm f/2.8L na farko na Canon ya fita daban: malafarsa a jikin gangar waje take, bakin lensin ne ke fitowa a 24mm ya koma ciki a 70mm, don haka zurfinta yana ƙaruwa daidai lokacin da ake buƙata.

In ka ɗaura lensin babbar sensa a kan kyamara mai ƙaramar sensa ta APS-C, 50mm zai gani kamar 75mm a Nikon da Sony, ko 80mm a Canon. Malafarsa ta asali ba za ta taɓa shiga hoto ba, amma ta yi gajarta ga abin da kyamarar ke gani. Mataki na 8 zai yi maka amfani.

*Gargaɗi:* malafar gama-gari da ake murɗawa a bakin filta faɗin baki kawai ta sani, wato lambar da ke bayan alamar ø, kamar 49, 58, 77 ko 82. Lensi mai faɗin gani da mai jawo nesa duk suna iya zama 77, amma malafar ɗaya za ta toshe kusurwoyin ɗayan. Kada kuma a murɗa mai kunnuwa a kan lensin da bakinsa ke juyawa yayin fokas, irin wasu tsofaffin 18-55mm, don kunnuwan za su riƙa juyawa tare da shi.

2. Gwada ta a gida

Gwaji biyu ne, duka ba za su ci maka minti 15 ba.

Na farko na duhun kusurwa ne. Fuskanci farin bango, mayar da zum kan mafi faɗinsa, matse ƙofar haske ta cikin lensi zuwa f/16, ka ɗauki hoto da malafa, ka ɗauki wani babu ita. Maimaita da fokas a nesa da kuma kusa. An zaɓi f/16 ne don a nan gefen duk abin da ya tare lensi ke fitowa ƙarara. In kusurwoyi huɗu sun yi baƙi a hoton da ke da malafa kaɗai, ta yi tsawo, ba tasa ba ce. In biyu ne kawai masu kallon juna a karkace, malafar daidai take, murɗawar ce ba ta kai ƙarshe ba.

*Gargaɗi:* duba hoton da aka ɗauka, kada ka dogara da tagar leƙe. Ƙananan kyamarori masu madubi kusan kashi 95 cikin 100 na hoton suke nunawa a tagar, kuma abin da suke ɓoyewa shi ne gefen da duhun ke fitowa.

Na biyu na tocila ne. Kashe fitilar ɗaki, ajiye kyamara a kan tebur tana kallon baƙin yadi, kunna allon baya. Ka sa wani ya tsaya kamar mita biyu a gaba da tocila yana haska lensin, ya fara daga can gefe yana matsowa a hankali zuwa bakin hoton. Lura da inda baƙin yadin ya fara yin fari-fari. A yi daga sama, a yi daga gefe, a yi a farkon zum da ƙarshensa. Nan za ka san iyakar abin da malafarka ke iyawa, da irin tabon da lensinka ke yi, tun kafin ka shiga wurin da babu damar cewa a maimaita.

3. Cire filta, ka goge gilashi

Wannan matakin ne aka fi tsallakewa, sannan a zo ana zargin malafa. Filtar UV ko ta kariya shimfiɗaɗɗen gilashi ce. Hasken fitila mai ƙarfi yana dukan sensa ya dawo, ya daki bayan filtar, ya sake komawa ciki. Sakamakon shi ne wani ɗigo kore ko shuɗi a ɗaya ɓangaren hoton, daidai kishiyar inda fitilar take: fitila a sama ta dama, ɗigo a ƙasa ta hagu. In ka ga haka, filta ce abin zargi na farko. Ban da haka, filta tana zama a can gaba kusa da bakin malafa, inda inuwar ba ta da zurfi.

Cire ta. Malafa mai tauri ta isa ta kare gilashi daga karo da gwiwar hannun mutane, gefen dandamali da yatsu. Inda za a bar filta shi ne wasan da ake fesa ruwa, kumfa ko fenti, kuma a nan ma sai mai kyakkyawan shafi.

Sai goge gilashi, a kan wannan tsari: hure ƙura da famfo tukuna, ɗiga ruwan goge lensi a kan ƙyalle ba a kan gilashi ba, goge daga tsakiya kana zagayawa zuwa gefe. Wanda ya taɓa tuƙi da dare da gilashin mota mai maiƙo ya san yadda fitilar mota ɗaya ke cika masa gaba duka, to haka shatin yatsa ɗaya ke yi wa lensi a gaban fitilar dandamali. Duba gilashin baya ma. Sannan leƙa cikin malafar da tocila: farar ƙura da zaren tufafi da suka maƙale a baƙin shafin ciki suna mayar da haske kan gilashi. Ɗan guntun tef zai ɗebe su.

*Gargaɗi:* kyamarar da ta fito daga sanyi ta shiga zaure mai ɗumi da numfashin jama'a takan yi raɓa a gilashi, hoton ya fito kamar na hazon fitila. Bar ta a cikin jaka a rufe minti 20 zuwa 30 ta saba da ɗumin wurin. Gogewa ba ta hana raɓar dawowa.

4. Karanci fitilun zaure kafin a fara

Je da wuri. In za a bar ka ka halarci gwajin ƙarshe, wanda ake yi da tufafin wasa da cikakkun fitilu, ya fi komai, don a nan za ka zagaya yadda kake so. In ba haka ba, nemi mai kula da fitilu ka tambaye shi abu uku: waɗanne fitilu ne za su juyo kan 'yan kallo, za a saki hayaƙi, kuma akwai leza?

Fitilun gaba, waɗanda ke rataye a saman 'yan kallo, a bayanka suke, babu ruwansu da lensinka muddin kana fuskantar dandamali. Haka babbar fitilar da ke bin ɗan wasa daga ƙarshen zaure. Suna zama matsala ne kawai in ka koma gefen dandamali kana ɗauko ɗan wasa da jama'a a bayansa.

Fitilun gefe da na sama su ne ainihin aikin malafa. Suna wajen hoton, amma suna kallon gilashinka a karkace, musamman in kana tsaye a gefen zaure kana fuskantar ɗaya gefen.

Fitilun baya, masu zana haske a gashi da kafaɗun ɗan wasa, kai suke kallo kai tsaye. Ko dai suna cikin hoton, ko suna dab da gefensa na sama. Ga su nan ne inda tsayuwa ke raba gardama. Wanda ya durƙusa a gindin dandamali yana ɗaga kyamara sama, duk jerin fitilun rufi yake kwasowa a bayan kan ɗan wasa, malafarsa kuwa ba ta da abin yi. Wanda ya ja baya, ya sami ɗan tudu, ya ɗauka da 135mm ko 200mm a daidai tsayin fuskar ɗan wasa, ya fitar da fitilun daga hoton, ya mayar da su inda malafa za ta iya da su. In an ba ka zaɓi, tsaya ɗan gefe da tsakiya, domin fitilun baya galibi tsakiyar zaure suka dosa, kuma daga gefe makirufo ba ya rufe bakin mawaƙi.

Fitilu masu juyawa da kansu da masu kashe ido da ake kunna wa jama'a a ƙololuwar waƙa, sai dai a koyi lokacinsu a kauce.

*Gargaɗi:* leza tana iya ƙona sensa ta bar layi ko ɗigo na dindindin, kuma malafa ba ta hana wannan in hasken ya shigo ta gaba. Hatsarin ya fi yawa ga kyamara marar madubi da mai ɗaukar bidiyo, don sensarsu a buɗe take koyaushe. Da ka ga leza ta sauko kan jama'a, kifa kyamara ƙasa.

5. Ɗaura ta daidai

Daidaita ɗigon da ke jikin malafa da na bakin lensi, tura, murɗa har ka ji ta yi ƙas. A mai kunnuwa, dogayen su kasance sama da ƙasa in kyamara na kwance. Ka yi wannan a waje inda akwai haske, ga kowane lensi, ka jera su a jaka da malafunsu a miƙe, don kada ka tsaya lalube a duhu ana tsakiyar wasa.

Liƙa guntun baƙin tef, kamar santimita uku, a mahaɗar malafa da lensi. A cikin cunkoso kafaɗar wani na iya murɗa ta kaɗan ba ka sani ba, sai ka dawo gida ka tarar da hotuna ɗari da baƙin kusurwa biyu. In kuma daga bene kake ɗauka, malafar da ta kwance kan wani za ta faɗa. Wasu manyan lensuna suna da maɓallin kulle a jikin malafar, su ba sa buƙatar tef. Kada tef ɗin ya hau zoben fokas ko na zum.

*Gargaɗi:* malafar da aka kifa baya don ajiya ba ta tare komai, tana kuma rufe zoben da hannunka ke nema. Abin mamaki ne yawan masu ɗaukar hoto da ke wuni da ita a haka. Kada kuma a ɗaga kyamara ta jikin malafa, haƙoranta na roba ne.

In kana gindin dandamali da lensi mai faɗin gani, tuna cewa a tagar leƙe abu yana nuna ya fi nisa fiye da yadda yake. Buɗe ɗaya idon, kada bakin malafa ya tsallaka kan dandamali inda ƙafar mai rawa za ta same shi.

6. Saita kyamara

Koma M, wato yanayin saita kyamara da kanka, ka riƙe awon haske da hannunka. Baƙin bango yana ruɗar kyamara ta buɗe da yawa fuska ta ƙone, hazon fitila kuma yana ruɗarta ta rufe. Fara da f/2.8, shota a 1/250 na daƙiƙa da ISO 3200, ɗauki ɗaya, duba fuska, ka gyara daga nan. Mai jawabi ko ɗan wasan da ke tsaye 1/125 ya ishe shi. Mai rawa da mai ganga sai 1/500 ko sama. Ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil da ya fi karɓar gyara a kwamfuta.

Ƙofar haske tana sauya kamannin tabon fitila. A buɗe sosai, tabon kan zama babba mai laushi. In ka matse zuwa f/8 ko f/11, sai ya tattaru ya zama ƙananan siffofi masu kusurwa, fitilun cikin hoton kuma su fitar da tsinkaye kamar tauraro. Matsewa ba ta kawar da hazo, kuma a zaure da wuya ka sami hasken da za ka yi ta.

Kunna jadawalin haske, wato histogiram. Hoton dandamali mai baƙin baya ya kamata tudun jadawalinsa ya jingina da bangon hagu. In ka ga ya janye daga hagun ya bar fili alhali labulen baƙi ne a idonka, hazo ya shiga. Wannan ya fi amintuwa a kan kallon allo, wanda a duhu komai kyau yake yi a kansa. Rage hasken allon ma, saboda na bayanka.

Hazo yana rage bambancin haske da duhu, fokas kuwa da wannan bambancin yake kamawa. In lensi ya fara kai da komowa ya ƙi tsayawa, sau da yawa wata fitila ce ke dukan gilashi. Tare ta, fokas zai kama.

*Gargaɗi:* kashe filashar kan kyamara da 'yar fitilar taimakon fokas. Yawancin wuraren wasa sun hana filasha, a manyan wasannin kiɗa ma galibi waƙoƙi uku na farko kawai ake ba masu hoto, su ma babu filasha. In ma an yarda, ƙaramar filashar da ke ɗagowa daga kan kyamara tana jefa inuwar malafa a ƙasan hoton, baƙin rabin da'ira. Ratsi-ratsin da fitilun LED ke bari a hoto kuwa ba na malafa ba ne: shota marar ƙara, wato ta lantarki, ce ke jawo su galibi, sai a rage saurinta ko a koma shota ta inji in wasan mai ƙara ne.

7. Lokacin wasa: gane matsalar, sannan ka magance ta

Abu uku ne ke kama da juna a allo. Hazon lensi yana koɗar da hoton duka ko gefe ɗaya. Tabon fitila ɗige-ɗige ne masu launi, sau da yawa a jere kan layin da ya taso daga fitilar ya ratsa tsakiyar hoton. Na uku hayaƙin dandamali ne, wanda aka saka da gangan don a ga sandunan haske a iska. Hayaƙi a gaban ɗan wasa yake, ba a cikin lensi ba, kuma babu malafa ko hannun da zai cire shi.

Hanyar rarrabewa ba ta wuce daƙiƙa biyu: idonka a tagar leƙe, ɗaga tafin hagu sama da bakin malafa ta ɓangaren da kake zargi. In baƙi ya dawo baƙi nan take, hazon lensi ne daga fitilar da ke wajen hoto. In babu abin da ya sauya, ko dai hayaƙi ne ko fitilar cikin hoton ce.

In fitilar cikin hoton ce, matsa rabin taki dama ko hagu, ko ka ɗan rusuna, har kan ɗan wasa, kafaɗarsa, lasifika ko labule ya rufe ta. Wannan ita ce dabarar da ta fi kowace biya: hazo ya tafi, fokas ya kama, hasken kuma ya zagaye kan ɗan wasan ya raba shi da duhun baya.

In za ka fitar da fitila daga hoto, fitar da ita sosai. Wurin da ya fi muni shi ne dab da gefen hoton ta waje, domin an yi malafa ne ta tsaya kafin wannan layin don kada ta shiga hoto, saboda haka fitilar da ke nan ba ta cikin hoton amma duk haskenta yana kan gilashi. Ƙara zum kawai ba ya raba ka da ita, tunda malafar ba ta ƙara tsawo. Sunkuyar da bakin lensi ko sauya wuri shi ne magani.

Lura da abin da ke faruwa idan ka juya kyamara a tsaye. Gajeren kunnen malafa ne ke komawa sama, inda fitilun suka fi yawa, hoton kuma ya ƙara kwaso sama. Shi ya sa za ka ga hoton kwance ya fito garau, na tsaye daga wuri ɗaya ya koɗe. A nan hannu ko kwali ke shiga.

Ga fitilu masu juyawa, kalli zagayensu sau ɗaya ko biyu, galibi suna bin kiɗa ne, ka danna a tsakanin wucewarsu. Ɗauki uku ko huɗu a jere, ɗaya zai fito babu tabo.

Ba kowane hazo ne abin gudu ba. A wasan kiɗa, fitila ɗaya da ta fashe a bayan mawaƙi tana iya zama ita ce hoton. Sharaɗin shi ne tabon kada ya hau fuska, kuma kai ka sa shi a wurin da gangan. A wasan kwaikwayo, inda mai shirya wasa ke son a ga tufafi da launin da aka tsara, tsabtataccen hoto ake nema.

8. Ƙara wa malafa tsawo

In za ka daɗe a ƙarshen zum, ko lensin babbar sensa ne a kan ƙaramar, yanki baƙin kwali mai faɗin da zai rufe rabin saman malafa, ka lanƙwasa shi a kanta, ka ɗaure da roba biyu. Sa zum a inda za ka yi aiki, tura kwalin gaba a hankali har ya fara leƙowa a saman hoton, sannan ka ja shi baya kamar santimita ɗaya. Ɗauki hoton gwaji a f/16 ka tabbatar. In ka juya kyamara a tsaye, juya kwalin ya koma sama.

*Gargaɗi:* da zarar ka rage zum, kwalin zai shigo hoto. A f/2.8 ba zai fito da siffarsa ba, sai dai saman hoton ya yi duhu a hankali, ba lallai ka lura ba sai a kwamfuta. In da hannu kake tarewa, lensin ya rasa mai tallafe shi, don haka ƙara saurin shota ko ka ɗora kyamara a kan sandar tallafi mai ƙafa ɗaya. Kuma hannun da ke sama yana tare wa na baya kallo, a yi a sauke.

9. In ta bayan gilashi za a ɗauka

Wani lokaci ɗakin masu kula da sauti da fitilu kawai za a ba ka. A nan cire malafa mai tauri, ɗaura ta roba, manna bakinta a jikin gilashin har ya zauna babu kafa. Ita za ta hana hasken ɗakin da allunan na'urori dawowa cikin lensi, kuma tana lanƙwasawa in ka ɗan karkata. Mai tauri tana barin kafa da zarar ka karkata, tana kuma ɗauko girgizar lasifika daga gilashin. Goge wurin da za ka manna, sa tufafi masu duhu, kuma ka tsaya a miƙe da gilashin iya yadda za ka iya. In gilashin mai ruɓi biyu ne, fitilu za su fito bibbiyu, sai dai a kauce wa sa su a hoton.

10. Bayan an tashi

A kwamfuta, ɗan hazo yana gyaruwa: sauke baƙi, ƙara bambancin haske da duhu, ko ka taɓa maɓallin cire hazo da ke cikin manhajoji irin su Lightroom. A yi a hankali, domin a ISO 3200 ko 6400 wannan gyaran yana tono burtsatsin da ke ɓoye a duhu, yana kuma ƙara wa launin fitilu kauri har fata ta sauya. Ɗigon da ya faɗa kan baƙin labule gogewarsa minti ɗaya ce. Wanda ya faɗa kan ido ko baki, a nemi hoton da ke gaba ko bayansa a jerin.

Ware hotunan da suka koɗe, ka duba tsawon zum da aka ɗauke su da shi a bayanan fayil. In yawancinsu a ƙarshen zum ne, kwali ko lensi marar zum kake buƙata a wasa na gaba. In daga wuri ɗaya ne duka, wurin ne za a sauya.

Cire tef ɗin a ranar, kada ya kwana ya bar danƙo. Goge gumi da ƙurar hayaƙi daga malafar da gilashin gaba, don wasu injinan hayaƙi suna barin ɗan maiƙo a kan kaya. Duba haƙoran malafar: in ɗaya ya tsage ko ta daina yin ƙas idan an murɗa, a sauya ta kafin aiki na gaba.